Mu Goma Sha Ɗaya a Hanyar Asamaka

A watan Disamba na 1987 ina da shekara ashirin da biyu, ina yaron gareji a Tamanrasat, can kudancin Aljeriya. Farin 1984 ne ya kore ni daga Damagaram. A wannan shekarar iyakar Najeriya a rufe take, don haka samari irina da yawa muka fuskanci arewa. Shekara uku ina kwana cikin baƙin mai. A watan Nuwamba rediyo ta kawo mana rasuwar Janar Seyni Kunce, duk wani ɗan Nijar da ke garejin ya shiga zancen gida, ni kuma ga saƙo ya iso cewa jikin mahaifiyata ya ƙi daɗi. Ina cikin wannan zullumi sai maigidana ya kira ni, ya ce akwai wasu Turawa a sansanin baƙi da ke neman makanike mai jin Faransanci da Hausa, wanda zai raka su har Kano. Ban ko tambayi nawa za su biya ba.

Motoci huɗu ne, irin waɗanda nake kira motocin kwana. Wanda bai taɓa ganinsu ba, ya ɗauka an sami hayis an cire kujerun baya, an kafa gado da ɗan murhun gas da kabad na kwanuka da tankin ruwa, an rataya labule a taga. A saman rufi kuwa jarkoki ne da tayoyi da shebur, da faifan ƙarfe masu huji-huji da muke ce wa tol, waɗanda ake shimfiɗa wa taya idan mota ta kafe a rairayi. A wancan zamanin da zarar sanyi ya shigo, irin waɗannan motoci ba su yankewa. Su haye teku a jirgin ruwa, su biyo ta Gardaya da In Salah, su huta a Tamanrasat, sannan su faɗa Nijar.

Sunayen abokan tafiyata ina riƙe da su har gobe, amma ban nemi izininsu ba, saboda haka zan kira su da sunayen da na laƙaba musu a hanya. Akwai wani tsohon Bajamushe da ya yi ritaya daga aikin ƙira a masana'anta, yatsunsa biyu na hagu inji ya cinye. Shi na kira Baba, matarsa kuma Inna. Motarsu Volkswagen ce, wadda ake ce wa Kombi, rufinta yana ɗagawa kamar tanti. Akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Holan da na kira Likita, da mijinta malamin makaranta da ƙanensa, su kuma tsohuwar motar asibiti suka mayar ɗaki. Akwai mata da miji daga Suwizalan da 'yarsu mai shekara shida, Auta. Na ƙarshe samari biyu ne Faransawa cikin wata tsohuwar Peugeot ta ɗaukar kaya, da niyyar su sayar da ita a kudu su koma gida ta jirgin sama. Ɗaya mai shiru ne. Ɗayan, Dogo, baki gare shi da saurin fushi. Ba tare suka baro Turai ba. A sansani suka haɗu suka ƙulla tafiya, don mai hankali ba ya shiga wannan hanya da mota guda.

Daga Tamanrasat zuwa In Gezzam, garin ƙarshe na Aljeriya, kimanin kilomita 400 ne. Kwalta ta raka mu ɗan zango ta ƙare. Daga nan sai sawun tayoyi da suka bazu a fili, faɗinsu a wasu wurare ya wuce inda ido ke kaiwa, sai kuma alamun ƙarfe da tsofaffin gangunan da aka kakkafa nesa da juna don kada a ɓata. Inda ƙasa ta yi tauri kuwa ta yi kunya-kunya kamar kwanon rufi. In ka tafi a hankali haƙoranka su kaɗa, in ka taka wuta notuna su kwance. Kowane maraice aikina na farko shi ne in bi ƙarƙashin motocin nan huɗu da sifana ina ɗaure abin da hanya ta sassauta.

Baba ne mai riƙon ruwa. Babu wanda ya naɗa shi, halinsa ne ya ba shi. Yana da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da fensir ɗaure da zare. Kowace safiya sai ya bi jarkoki yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa yana saurare, ya rubuta. Kowane mutum lita huɗu a yini, sha da girki, wanka kuwa sai an ga rijiya. Da farko abin ya ba ni haushi. A gidanmu ba a auna wa mutum ruwa, ko maƙiyinka ya zo ka miƙa masa kwanon sha a cike. Sai da na kwana uku a wannan fili na fahimci cewa awon nan shi ne kyautar.

Faransancin Baba bai fi cikin cokali ba, ni kuma ba na jin Jamusanci. Amma inji ya zama mana harshe. In ya ji wani sauti sai ya ɗaga gira ya dube ni, in ɗaga masa yatsa biyu, ya gane filogi na biyu nake nufi. Tun ranar farko ya lura ina duban rana. Da ya gane abin da nake dubawa, sai ya zamana in azahar ta yi shi da kansa ke danna ham ya tsayar da ayari. Ya fito da kamfas ɗinsa ya nuna min gabas, in yi taimama in yi salla, su kuma su jira cikin inuwar mota babu mai tari. Inna ta ware min tukunya da cokali, ta ɗaura musu jan zare, don akwai naman gwangwanin da ta san ba na ci. Ban roƙe ta ba, ban ma san ta sani ba.

Auta kuwa ta mayar da ni makaranta. Duk abin da ta gani sai ta nuna, in faɗa mata sunansa. Kafin mu kai iyaka ta iya ruwa, raƙumi, tauraro, sannu da aiki. In ina ƙarƙashin mota sai in ga ƙananan takalma sun tsaya kusa da kaina, in ji an ce sannu da aiki da wata irin murya mai daɗi, in amsa mata da yawwa.

Rana ta uku muka shiga rairayin Lawuni. Duk direban da ya bi hanyar nan a da ya san wurin. Gawarwakin motoci ne birjik, an kwashe duk abin da zai kwasu, iska ta goge fentin ta bar ƙarfe yana ƙyalli. Muka rage iskar tayoyi, muka shiga ɗaya bayan ɗaya. Motoci uku suka fita da ƙyar. Ta Baba ta nutse har ciki. Muka haƙa, muka sa tol, muka tura, ta yi taku goma ta sake nutsewa. A karo na huɗu na ji warin da kowane makanike ya sani. Kuloc ya ƙone. Inji yana kuka, taya ba ta motsi.

Kafin mu gama shawara iska ta taso. Ba guguwa ba ce mai tsanani, amma ta isa ta hana buɗe inji, don rairayi in ya shiga ciki an gama. Muka jera motoci uku suka zama katanga, muka zauna. Yini guda cur muna zaune. Da dare sanyi ya sauko irin wanda ke shiga ƙashi, kowa ya ƙudundune cikin bargo, aka taru a motar Likita don a yanke abin yi.

A nan ne Dogo ya yi maganar da na riƙe shekara goma sha takwas. Ra'ayinsa shi ne a bar Kombi a nan, a raba tsofaffin biyu da kayansu a sauran motoci, a wuce. Wannan ba laifi ba ne, mutane da yawa sun yi haka, gawarwakin da ke kewaye da mu shaida ne. Amma da gardama ta yi zafi sai ya fizgi littafin Baba ya buga shi a kan tebur, ya ce an auna ruwan nan ne don baki goma, yanzu ga baki goma sha ɗaya, ɗaya ba ya cikin lissafi. Bai dube ni ba. Ina zaune a bakin ƙofa da kofin shayi a hannu, kuma da Faransanci ya faɗa, harshen da aka koya min da bulala tun ina aji ɗaya.

Wurin ya yi tsit. Na ajiye kofin, shayin ya fita raina. Mutumin Suwizalan ya sunkuya ya fassara wa Baba a hankali. Baba bai ce uffan ba. Ya ɗauki littafinsa ya buɗe shafin da sunaye suke, ya matso da fitila, ya juyo da shi yadda kowa zai gani. Sunana yana nan, shi ne na farko a jeri, da kwanan watan da muka baro Tamanrasat. Ashe tun a sansani ya sayi ƙarin jarka biyu da kuɗinsa saboda ni. Sannan ya nuna ni da hannunsa mai yatsa uku, ya nuna wajen da motarsa take, ya ce da gurgun Faransancinsa gobe. Likita ta ce ita motarta ba za ta motsa ba sai motoci huɗu sun motsa. Magana ta ƙare a nan.

Da asuba iska ta kwanta. Ashe Baba yana da sabon faifan kuloc naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin gadonsa, tun daga Jamus. Alherin Kombi shi ne injinta a baya yake, ba shi da lagireto, iska ke sanyaya shi, kuma manyan notuna huɗu ne ke haɗa shi da giya. Muka shimfiɗa tol biyu, muka ɗora katako, muka sa jak a ƙarƙashin inji. Na kwanta rigingine a kan rairayi mai sanyi kamar ƙanƙara, yatsuna sun ƙage, na cire wayoyi da tiyon fetur da wayar totur, Baba yana karɓar kowane noti yana jerawa a cikin kwanon girkin Inna don kada ɗaya ya faɗa rairayi. Ba mu da ƙarfen da ake daidaita faifan da shi, sai Baba ya fiƙe guntun sandar tsintsiya da wuƙa, yana gwadawa yana ƙara fiƙewa, har ya shiga daidai. Mayar da injin ne ya ba mu wuya. Mutum huɗu suna turawa, ni ina ƙasa ina lalube, ya ƙi zama. Da hantsi ya yi sai na ji ɗan ƙaras, ya shige. Cikin masu turawar nan akwai Dogo, kafaɗarsa har ta sale. Na gani, amma a ranar ban saka masa shi a ma'auni ba.

Kafin la'asar Kombi ta fita daga Lawuni da ƙafafunta. Inna ta kama hannuwana biyu da suka farfashe, ta ɗebi ruwa daga rabonta ta wanke su, ta shafa musu man shafawarta. Ba ta ce komai ba, ni ma haka.

Washegari muka hangi wani abu baƙi can gefe, nesa da sawun da muke bi. Babu wanda ya yi shawara da wani, motoci huɗu suka karkata. Wata akori-kura ce ta lalace kwana biyu, da mutum tara a inuwarta, 'yan Mali da 'yan Gana da wani Bahaushe ɗan Tawa. Fanbel ne ya tsinke musu, lagireto ya tafasa, suka zuba masa ruwan shansu. Na gyara abin da zai gyaru, aka sauke musu jarka guda. Baba ya buɗe littafi ya rage wa kowannenmu lita ɗaya har zuwa In Gezzam. A lokacin haka dokar hanya take, ba a rubuce ba, amma Balarabe mai babbar mota da Ba'abzine mai Land Rover da Bature mai gado a mota duk sun san ta: ba a ganin mota tsaye a wuce.

Asamaka a wancan lokacin 'yan ɗakuna ne da tuta da wasu itatuwa, da ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda muka yi wanka da shi muna murna. A nan na fara jin Hausa ta ko'ina, ƙirjina ya buɗe. A nan kuma daren Kirsimeti ya same su. Suka kunna kyandir cikin gwangwani, suka yi waƙoƙinsu a harshe uku, Inna tana share hawaye saboda jikokinta. Na zauna tare da su har suka gama. Daga nan kilomita 200 zuwa Arlit, inda muka hau kwaltar da aka shimfiɗa saboda yuraniyom, Auta ta yi ta tafi don girgiza ta ƙare. Agadas kuwa ta cika maƙil da baƙi, gari yana shirin tarbar masu tseren motoci na Paris-Dakar. Maƙeran azurfa, masu gyaran taya, masu sayar da takuba, 'yan rakiya, kowa yana samu. Mijin Likita da ƙanensa suka hau hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, suka sauko gwiwoyinsu duk jar ƙasa. Muka bi ta Adarbisanat da Tanut, ƙasa tana ƙara ciyawa, har duwatsun Damagaram suka bayyana.

Na so in sauka a tasha in ƙarasa gida a ƙafa, don ina jin nauyin su ga gidanmu. Likita ta ƙi. Motoci huɗu suka shiga lungunmu, yaran unguwa suna bin su da gudu. Na tarar da mahaifiyata a kwance, ta rame, amma da ta ji muryata ta tashi zaune. Likita ta durƙusa a kan tabarma ta duba ta, ta ce a kai ta asibiti gobe-gobe, kuma ita da kanta ta kai ta. Da dare ƙannena suka yi tuwon gero da miyar kuka. Baba ya wanke hannu ya ci da yatsunsa. Mahaifiyata ta sa aka kira Inna, ta riƙe hannunta ta ce, "Yaya, kin riƙe min ɗa, Allah ya riƙe miki naki." Na rasa yadda zan mayar da wannan Faransanci, balle a kai shi Jamusanci. Inna ta gyaɗa kai kamar ta ji.

Alkawari Kano ne, don haka bayan kwana huɗu na bi su. Muka tsaya a Kance muka sayi ƙosai da rake a bakin hanya, mata suka kewaye Auta suna taɓa gashinta, ita kuma tana ce musu sannu da aiki suna ta dariya. Muka wuce Matamaye, muka shiga Najeriya ta Kwangwalam, muka bi Daura da Kazaure. A sansanin baƙi na titin Bompai ayari ya watse. Faransawa suka sayar da motarsu. Mutanen Suwizalan suka nufi Kamaru, su Likita suka yi yamma, Baba da Inna suka yi Legas don su sa Kombi a jirgin ruwa. Kowa ya rubuta min adireshinsa. Dogo ya miƙo hannu, na ba shi yatsu, ban ba shi ido ba. Kwana ashirin da uku ke nan tun daga Tamanrasat.

Wasiƙu sun yi ta zuwa ta akwatin gidan waya na wani ɗan'uwana. Likita ta aiko da hotuna. Baba yakan rubuta da Jamusanci, wani maƙwabcinsa ya sa Faransanci a ƙasa. A ƙarshen 1989 ya rubuto min shafi huɗu a kan faɗuwar katangar Balin, ya ce yana da ƙanwa a can gabas da zai je ya gani a cikin Kombi. Bayan wasu shekaru wasiƙa ta zo da rubutun Inna ita kaɗai, da hotonsa a ciki. Na amsa mata, ban sake samun amsa ba. Sauran ma a hankali suka yi shiru, ni ma na yi shiru. Ba faɗa aka yi ba. Aure ya zo, 'ya'ya suka zo, na buɗe garejina, kuɗin kan sarki ya zama abin da ake tunani kafin a kashe, musamman bayan an karya darajar sefa a watan Janairu na 1994.

Hanyar ma ta mutu a kan idonmu. Rikicin da ya faru a Cintabaradan a watan Mayu na 1990 ya buɗe ƙofar tawaye a arewa. A Janairu na 1992 aka soke zaɓe a Aljeriya, ƙasar ta faɗa yaƙin da ya ci shekaru. Aka sa hannu a kan sulhu a Nijar ranar 24 ga Afrilu 1995, baƙi suka fara dawowa, amma yawancinsu ta jirgin sama. A 2003 aka sace Turawa 32 a saharar Aljeriya, da yawansu masu tafiya ne da motocinsu kamar abokaina. Tawaye ya sake tashi a 2007, aka soke tseren Dakar a 2008, ya ƙaura zuwa Kudancin Amurka, aka sace ma'aikata bakwai a Arlit a 2010. Maƙeran Agadas da na sani suka koma bin biranen wasu da jakar azurfa. 'Yan rakiya da direbobin da suka san kowace rijiya suka nemi wasu fasinjojin.

A cikin wannan tsakani, a shekarar yunwa ta 2005, ina gareji da rana tsaka wani yaro ya ce wani Bature yana nemana. Na fito ina goge hannu, na ga dogon mutum mai furfura da tabarau, riƙe da wani tsohon hoto. Sai da ya yi magana na gane shi. Ya zo ne yana kula da motocin wata ƙungiyar agaji da ke kai abinci wa yara, kuma kwana uku yana bin garejin Damagaram ɗaya bayan ɗaya da hoton nan. Na shimfiɗa masa tabarma, na aika a kawo fura. Muka yi zancen Baba, muka yi zancen Auta da Likita, shi ma bai san inda suke ba. Can sai ya ajiye ludayi ya ce, "Ɗan'uwa, ka tuna abin da na faɗa a Lawuni?" Na ce na tuna. Ya ce tsoro ne ya kama shi a daren, bai taɓa jin tsoro irinsa ba, amma tsoro ba hujja ba ne, kuma babu shekarar da maganar ba ta dawo masa ba. Ya ce ya zo ne ya faɗa min wannan da bakinsa.

Na daɗe ban amsa ba. Ni da nake ganin na san mutane, shekara goma sha takwas na ajiye mutumin nan a wuri ɗaya, a kan magana ɗaya, na manta da kafaɗarsa da ta sale, na manta cewa jarkar da aka sauke wa mutanen akori-kura daga rufin motarsa ta fito. Waɗanda na fi ƙauna a tafiyar ƙasa ta rufe wasu, nisa ya haɗiye wasu. Wanda na tsana shi ne ya tako. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake, ban taɓa zaton Bafaranshe ne zai zo ya karanta min shi a ƙofar garejina ba. Na ce masa ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na kai shi gida ya gaida mahaifiyata, wadda ta rayu shekara ashirin bayan ranar da Likita ta kai ta asibiti. Har yau mukan gaisa ta waya, da salla shi ke fara kira.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ba daɗin tuna baya ba ne kawai. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Cikinsu 52 yara ne, sauran mafi yawansu mata. Motocinsu biyu ne suka lalace a kan hanyar Tamanrasat, ƙishirwa ta kashe su. Da yawansu mutanen yankin Kance ne, garin da muka ci ƙosai, garin da mata suka yi wa Auta dariya. Da na ji labarin na rufe gareji na koma gida. Ƙasa ɗaya ce, rana ɗaya ce, lalacewar mota ce irin wadda na gyara da sandar tsintsiya. Mu mun fita saboda muna mota huɗu, da tsoho mai ƙirga ruwa, da mace da ta ce ba za ta motsa ba.

Daga baya dokar 2015 ta haramta safarar baƙin haure, direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyi da manyan sawu don gudun kamu, wasu in sun hangi ƙura sai su zubar da fasinja su gudu. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Kwalta ta riga ta kai In Gezzam, rairayin Lawuni ya daina cin motoci. Amma a Asamaka, inda aka kunna mana kyandir, yanzu mutanen da aka koro daga Aljeriya ne ke isowa a ƙafa, bayan an sauke su a wani fili mai nisan kilomita 15, da jarirai a baya.

Direbobin da ke bin wannan hanya yau 'ya'yanmu ne, wasu a garejina suka koyi riƙe sifana, kuma na san wasunsu za su ga wannan rubutu ko a karanta musu. Da ku nake, samari. Kada ku bar Arlit da mota ɗaya. Kafin ku tayar da inji ku ƙirga bakin da kuka ɗauka, har da na goye, ku ƙirga jarka, ku sa fanbel da faifan kuloc a ƙarƙashin kujera. In kuma kun hangi abu baƙi tsaye a gefen sawu, don girman Allah ku karkata sitiyari ku je ku duba.